Lantana Mai Dafa Girgije

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta!

A wani ɗan gari da ke gindin dogon dutse, an yi wata mata ana ce mata Lantana. Ba ta da saniya, ba ta da akuya, abin da ta mallaka duk duniya shi ne lambun albasa a bayan gari. Da shi take ci, da shi take sutura. To, rijiyar lambun tana da zurfi, ga hunturu ya shigo da ƙarfinsa, igiyar guga duk ta farfasa mata hannu. Ita kuwa Allah ya yi ta da gajen haƙuri, kafin ta haɗiye lomar tuwo ta riga ta yanko wata.

Ran nan da safe tana jan ruwa tana mita, sai hankaka ya sauka a bakin rijiya.

Ya ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Yauwa. Kai da kake yawo a sama, ina ake ɓoye gizagizai da rani? Bayana zai karye."

Ya ce, "Ba ɓoye su ake yi ba. Kin ga tururin da ke tashi daga tukunyarki? To haka rana take dafa koguna da tafkuna, tururin ya yi sama. Can sama akwai sanyi, sai ya taru ya zama ɗigo-ɗigo, kamar wanda kike gani a murfin tukunya. Shi ne girgije. In ya yi nauyi sai ya zubo. Amma fa idan..."

"Ashe dafa shi ake yi!" in ji Lantana. Sai ta yar da guga ta ruga gida. Hankaka yana kira, "Iya, ban gama ba!" Ko waiwaye.

Sai ta ɗora tukunyarta a tsakar gida, ta cika ta da ruwa, ta iza wuta. Tururi ya tashi, ya yi ɗan girgije kamar faifai, ya watse.

Sai ta aro tukwanen maƙwabta, ta jera a dandali. Girgije ya fito kamar tabarma, iska ta yi gaba da shi.

Sai ta ce wannan aikin gayya ne. Ta bi gida-gida tana cewa, "'Yan uwa, ku fito da tukwanen biki, yau za mu huta da jan ruwa!" Wa ke ƙin hutu? Mata suka ɗauko tukwane, maza suka ɗauko kara da tuluna, aka hau kan dutse. Ruwan da aka kai can, wallahi da lambun aka zuba wa, da albasa ta ƙoshi har ta yi gyatsa. Aka iza wuta, tururi ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har girgije ya haɗu ya rufe garin ruf. Aka sauko ana guɗa, Lantana tana gaba tana taƙama.

Sai aka ji tsit. Ba tsawa, ba walƙiya. Sai ga wani farin abu yana saukowa a hankali, ba ya ko ƙara. Guɗa ta yanke. Mutane suka tsaya baki buɗe, tsofaffi suna salati, don ko kakanninsu ba su ba da labarin irin wannan ba.

Masaƙin garin ya ce, "Auduga ce!" Ya damƙa, ta narke a hannunsa.

Mai tuwon sayarwa ta ce, "Kai, gari ne!" Ta cika tukunya ta ɗora a murhu, ta buɗe ta ga ruwa zalla.

Mahauci ya ce, "Ku kauce, gishiri ne." Ya watsa a baki, haƙoransa suka ɗauki sanyi, ya yi ihu ya zauna daɓas.

Abu kuwa bai tsaya ba. Ya rufe rufin ɗakuna, ya rufe rumbuna, ya rufe hanya. Awaki suka ƙi fita, kaji suka tsaya da ƙafa ɗaya, haƙoran kowa suna kaɗawa.

Nan Lantana ta tuna da lambunta. Ta ce, "Wayyo, albasata!" Sai ta sheƙa lambu, ƙafafunta suna nutsewa. Ba ta ga kore ko ɗaya ba, ko'ina fari fat. Ta durƙusa tana tono da hannu har yatsunta suka sandare. Ta tarar da ganyen ya kwanta laƙwas kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ta tona can, haka. Ta tona gaba, haka. Sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

Hankaka yana kan shinge ya takure. Ta ce, "Kai maƙaryaci, ruwa ka ce mini!"

Ya ce, "A'a, Iya, cewa na yi amma. Idan sanyi ya yi yawa, ɗigon daskarewa yake yi tun a sama, ya sauko dusar ƙanƙara. Girgijen damina daban, na hunturu daban. Da kin tsaya, ai da kin ji."

Da rana ta fito, farin abin ya narke. Ruwa ya cika fangalin lambun fal, rijiya ta taso har ana iya ɗiba da ƙwarya ba guga. Lantana ta zauna a bakinta tana kallo. Ga ruwan da ta nema ya zo har da ƙari, amma babu albasa ko ɗaya da za ta sha shi.

Shi ya sa magabata suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In mai magana ya ce "amma", ku tsaya ku ji abin da ke bayanta.

Ƙurunƙus kan hankaka!