Tsohuwar Motar Hambali da Jarrabawar Surayya

Akwai wani manomin shinkafa a wani ƙauye kusa da Kura, sunansa Hambali. Yana da wata tsohuwar mota irin wadda ake kira haibirid, wato mai tafiya da fetur da kuma babban batir. Motar ta kwana biyu a duniya. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Amma in ya tashe ta, ko ƙararta ba ka ji.

Ranar da ya sayo ta, bakanike ya ja masa kunne cewa irin wannan mota ba ta son zafi, kuma ba a jira sai ta tsaya kafin a duba ta.

Da ya dawo gida ya zauna da matarsa Raliya, don ta fi shi kyan rubutu. Suka tsara komai a bayan kalanda. Duk Asabar zai duba iskar taya da baƙin mai da ruwan lagireto. Duk wata zai share ramin iskar da ke gefen kujerar baya, inda fanka ke jan iska tana sanyaya batir, saboda ƙaiƙayin shinkafa yana toshe shi. Bayan girbi kuwa, sai ya kai wa bakanike ya sa na'ura ya duba batir da birki. Manyan wayoyin batir masu ruwan lemo dai ba ya kusantar su, ya ce wannan aikin masu shi ne.

Hambali yana jin daɗin safiyar Asabar ɗin nan. Ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, rediyo na magana, Raliya ta miƙo masa koko.

Maƙwabcinsa Maikano, dillalin shinkafa, shi ma irin motar gare shi, sai dai tasa ta fi sabunta. Duk sanda ya wuce sai ya yi dariya.

"Malam Hambali, har yanzu reno ake yi? Mota ai hawa ake, ba goyo ba."

Wata rana Hambali ya ce masa, "Alhaji, buhunan da kake tulawa a kujerar baya suna rufe wa batir iska. Ka riƙa sharewa."

Maikano ya ɗaga hannu. "Wannan dokar tsofaffin motoci ce. Tawa ba ta san ciwo ba."

Hambali ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Wata Talata da hantsi, Hambali ya nufi gona. Ranar ce layinsu ke samun ruwan kanal, kuma shinkafarsa ta fara jin ƙishi. Kafin ya kai kwana sai ya hango motar Maikano a gefen hanya. Jar fitilar gargaɗi ta kunno mata, ta mutu ta ƙi tashi.

Maikano na tsaye jikin motar, a gefe kuma ga 'yarsa Surayya, tana rungume da takardunta tana hawaye. Ranar take da jarrabawar shiga jami'a a Kano, saura awa ɗaya da rabi a rufe ƙofa, ga shi babu ko babur a hanyar.

Hambali ya tuna da gonarsa. Ya kuma dubi fuskar yarinyar.

"Surayya, share hawayenki. Ku shigo."

Maikano ya ce, "To ruwan gonarka fa?"

"Ruwa zai zagayo mako mai zuwa, in sha Allahu. Jarrabawar nan kuwa sai baɗi."

Tsohuwar mota ta hau titin Zariya tana tafiya sumul. Maikano na zaune a gaba, kansa a ƙasa, yana jiran a rama masa gorin da ya daɗe yana yi. Hambali kuwa hira ya yi ta jan Surayya da ita har ta saki jiki ta yi dariya. Suka isa ana cikin kiran sunaye.

Da bakanike ya buɗe motar Maikano, sai ya tarar fankar batir ta cushe da ƙaiƙayi har ta daina juyawa. Zafi ya lalata wani sashe na batirin, motar ta yi mako uku a gareji. Shinkafar Hambali kuwa ta ɗan yi yaushi, amma da ruwa ya zo ta farfaɗo.

Wata rana da yamma, tun motar na gareji, Maikano ya yi sallama a ƙofar gidan Hambali.

"Malam, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini."

"Haba Alhaji, ba ka yi mini komai ba. In motar ta dawo ka kawo ta, mu riƙa dubawa tare."

Bayan wata biyar Surayya ta samu gurbin karatun aikin jinya. Ranar tafiya mahaifinta ya wanke motarsa tas, amma ta tsaya da akwatinta ta ce, "Baba, don Allah a roƙi Baba Hambali ya kai ni. Motarsa ce ta san hanyar."

Maikano ya yi dariya, ya ɗauki akwatin da kansa ya nufi gidan maƙwabci.

Darasi: Ka kula da abin da Allah Ya ba ka tun yana lafiya, kada ka jira sai ya tsaya maka a ranar da ka fi bukatarsa. Kada ka raina mai tsohon abu, kuma in wanda ya yi maka gori ya shiga matsala, ka taimake shi ba tare da tuna masa ba. Ku tura wa 'yan uwa masu mota, wataƙila wani ya duba tasa yau.