Wutar da Ba a Taɓa Ɗaukewa Ba

A wata ƙasa an yi shugaban da ya sha alwashin korar duk ministan da ya kasa aiki. Da zai ziyarci garin Kukar Ɓauna, ministan lantarki ya riga shi isa, ya sa aka kira Jatau mai walda, wanda gari ya wakilta ya yi magana.

Minista ya ce, "Gobe shugaba zai sa ka rantse, ya tambaye ka batun wuta. In ka yi ƙorafi, zan sa a rushe shagonka."

"Ranka ya daɗe, in na yi ƙarya fa?"

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka."

Jatau ya koma gida yana zagin bakinsa da ya jawo masa wakilci.

Kashegari shugaba ya tambaye shi, "Malam Jatau, yaya wuta?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, tunda ministan nan ya hau, ba a taɓa ɗauke mana wuta ba."

Minista ya yi wuf ya ce, "Gaskiya ya faɗa, ni shaida ne!"

Shugaba ya riƙe baki. "Ko a fadata ana ɗaukewa. Mene ne sirrinku?"

"Ranka ya daɗe, ai sai an kawo ake ɗaukewa."

A ranar aka sallami minista. Wanda ya gaje shi ya zo ya kafa sababbin turaku ba waya, ya tara jama'a ya yi alkawarin kawo wuta. Duk cikin taron nan, babu wanda ya kai Jatau yin tafi.