Bakaniken da Yake Tambayar Inji

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Bakanike ne, sunansa Mamuda. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. In ya shigo masallaci sahun baya yake tsayawa, don kada rigarsa ta shafa wa wani baƙi. Ku saurara, labarin ba shi da tsawo.

Sana'arsa juye. A kawo mota, ya zubar da tsohon baƙin mai, ya zuba sabo. Aikin da kowa yake rainawa. Amma Mamuda yana da wata ɗabi'a da take ba direbobi haushi: ba ya zuba mai sai ya tambayi inji. Haka yake cewa da bakinsa.

Ga yadda yake tambayar. In ya kwance notin da ake zubar da mai ta nan, sai ya tari tsohon man a gwangwani. Ya murza shi a yatsa. Ya shinshina ko fetur ya shiga. Ya duba ko ya yi fari-fari, alamar ruwa. Sannan ya ɗauko mayen ƙarfe da ya ciro daga wata matacciyar lasifika, ya tsoma. In ya fito da burbushin ƙarfe tsaye a jikinsa kamar gashi, to inji yana cin kansa. Daga ƙarshe ya ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, ya rubuta lambar motar da ranar, ya soke ta a ƙusa. Kowace mota da ƙusarta a jikin rumfa. In ta dawo, sai ya jera takardar da da ta yanzu, ya ga ko lalacewar tana tsaye ko tana tafiya.

Direbobi suna yi masa tsiya. Wani ya ce likita a auna mana jini, wani ya ce Malam Mamuda ya koma bugun ƙasa. Shi dai murmushi, ya ci gaba da kallon takardarsa.

Rumfar nan ba tasa ba ce. Filin wani attajiri ne mai sayar da kayan mota, Alhaji Lawandi, shi ya ba shi aron wurin. Shekara goma sha bakwai yana ciki.

Ana nan sai wani sabon mai ya fara shigowa gari, wanda ake kira sintetik. Siriri ne, garai-garai, yana jure zafi, yana daɗewa bai mutu ba. Ku ji ni da kyau, kada wani ya fita ya ce na kushe shi: mai ne mai kyau. Sai dai tsada, kuma ba kowane inji ne yake son sa ba. Alhaji Lawandi ya saro shi kwali-kwali, ya cika shago. Mai ya ƙi tafiya, don duk direban da aka tallata masa sai ya ce bari ya tambayi Mamuda.

Alhaji ya aika aka kira shi. Ya ce daga yau duk motar da ta shigo rumfa, sabuwa ko tsohuwa, a zuba mata wannan man. Mamuda ya sunkuyar da kai ya ce akwai waɗanda zai yi wa amfani, akwai waɗanda ba zai yi wa ba, kuma sai ya duba zai sani.

Alhaji ya ce, “Rumfar tawa ce ko ta inji?”

Ya ba shi zuwa Juma'a ya yi shawara.

Da ya koma gida cin abincin rana ya gaya wa matarsa Ladidi. Mace ce mai hankali, ba ta yi faɗa ba. Ta tuna masa damina ta kawo kai, ta tambaye shi a ina zai kwanta a ƙarƙashin mota in ƙasa ta jiƙe. Sannan ta ce ai shi da kansa ya yaba man, ba guba aka ce ya sayar ba, ba kuma ƙarya zai yi ba in ya ce yana da kyau. Mamuda ya riƙe loma a hannu, ya kasa kai ta baki. Don gaskiya ta faɗa. Jama'a, ku lura da nan. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da ƙarya zalla, ya san ba za ta karɓu ba. Da rabin gaskiya yake zuwa.

Ran Alhamis da hantsi, Alhaji ya zo da kansa ya zauna a kan benci a bakin rumfa, yana jan carbi. Sai ga wani direba, Sallau, da tsohuwar bas ɗinsa da yake ɗauko tumatir daga fadama. Ita ce cinsa, ita ce shansa. Ya sauko yana washe baki, ya ce an gaya masa sabon man nan yana mayar da tsohon inji yaro, shi ma yau tsohuwarsa za ta sha na manya.

Ga mai saye ya kawo kansa. Ga mai rumfa a zaune. Abin da ake so daga Mamuda bai wuce ya yi shiru ya zuba ba.

Ya kwance noti. Ya tari mai. Ya tsoma mayen ƙarfe, ya fito da gashi. Ya zaro takardun Sallau uku daga ƙusa ya jera su da ta yau, kowace ta fi ta baya duhu. Ya daɗe yana kallonsu. Yana jin ƙarar carbin Alhaji a bayansa, ɗaya, ɗaya, ɗaya.

Sai ya ce, “Sallau, injinka ya tsufa, ringin da ke tare mai a cikinsa ya saki. In ka zuba siririn nan, rabi ta salansa zai fita hayaƙi, rabi ya bi tsoffin robobi ya tsiyaye. Ka zuba mai kaurin da ka saba, ka riƙa yin juye da wuri, ka yi ƙoƙari ka gyara ringi. Mai ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.”

Carbi ya tsaya. Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya tafi.

Ran Juma'a bayan an sauko, Mamuda ya kwashe kayansa. Akwatin sifana, bokiti, gwangwani, mayen ƙarfe. Takardun ya zare su ƙusa-ƙusa ya tsire su a waya. Ya koma gindin wata tsamiya a bakin titi, can bayan gari.

Ruwa ya sauka. Ƙasa ta zama taɓo. Ya riƙa shimfiɗa kwali yana kwanciya a kai, kwali ya jiƙe, ya sake wani. In hadari ya taso, kafin ya rufe kansa sai ya naɗe takardun a leda ya cusa cikin riga. Masu kawo aiki suka ragu, don wurin da nisa. Wasu suka ce wauta ce, mutum ya bar inuwa saboda motar wani. Sallau ya zo idonsa a ƙasa, ya ce shi ya jawo masa. Mamuda ya ce masa shi mota kawai ya kawo. Ladidi ta rage cefane, ba ta sake tayar da maganar ba. Kuma ba a taɓa jin ya ambaci Alhaji da mugun baki ba. Ko sau ɗaya.

Rumfa kuwa aka ba wani bakanike mai saurin cewa to. Duk motar da ta shigo, sintetik. Tsoffin motoci suka fara turnuƙe tasha da hayaƙi, masu su suna ƙorafi. Shi Alhaji yana da sabuwar mota da yake ji da ita. Sabon bakaniken ya zuba mata man, ya rantse masa ba ta buƙatar juye sai baɗi war haka. Alhaji ya ji daɗin maganar, don yabon kayansa ne.

Bayan watanni, mota ta fara wata 'yar ƙara da safe. Alhaji ya kai ta wurin kanikawa uku. Kowanne sai ya fara kallon fuskarsa kafin ya kalli inji, ya faɗi abin da yake zaton ana son ji. Ɗaya ya ce lafiyarta ƙalau. Ɗaya ya ce a sauke inji. A nan Alhaji ya gane abin da ya yi wa kansa: garin nan kaf, mutum ɗaya ne zai faɗa masa magana ya yarda, kuma shi ya kore shi.

Ya tuƙa motar da kansa zuwa gindin tsamiya.

Mamuda ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu, ya gaishe shi kamar jiya suka rabu, ya juya masa bokiti ya zauna. Ku saurara, don jarrabawa ta biyu ta fi ta farko. Ga wanda ya jefa shi cikin ruwa ya zo hannunsa. Yana iya tsoratar da shi. Yana iya cewa man ne ya jawo, kowa ya ce ashe Mamuda ne da gaskiya. Babu mai kama shi.

Ya tari mai. Ya tsoma mayen ƙarfe. Ya ɗiga a takarda, ya jira.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, injin nan sabo ne, hanyoyin mansa matsattsu ne. Man shagonka yake so. Kada ka bari kowa ya zuba masa mai kauri, ko ni ne. An dai bar shi ya wuce lokaci, filtar da ke tace man ta toshe. Burbushin kaɗan ne, Allah ya sa ka zo da wuri. Ni ba ni da irinsa a nan, sai ka ɗauko.”

Alhaji ya dube shi, ya dubi taɓon da ke gwiwarsa. Ya ce, “Ashe ba man nawa kake ƙi ba.”

“Ni ban taɓa ƙin mai ba, Alhaji. Inji nake tambaya. Na Sallau ya ce a'a, naka ya ce e.”

Ya rubuta lambar motar a takardar, ya tsire ta a waya, ta faɗa a kan ta Sallau. Alhaji ya daɗe yana kallon takardun nan biyu. Sai ya ce wa Mamuda ya dawo rumfa.

Mamuda ya ce, “Da ƙusoshina?”

“Da ƙusoshinka.”

Abu ɗaya ya roƙa: kada a kori wancan bakaniken, a bar masa gefe guda, shi ma mai iyali ne.

Ba zan ce muku ya yi arziki ba. Bai yi ba. Da baƙin farce ya rayu, da shi aka yi masa wanka. Amma har ya bar duniya, in aka yi gardamar mai a tasha, da wani ya ce Mamuda ya ce, magana ta ƙare.

To 'yan uwa, darasin a fili yake. Wanda ya tambaye ka abin da bai sani ba, amana ya ba ka. Ka duba abin da ya dace da shi, ba abin da ya dace da aljihunka ba, ba abin da ya dace da fushinka ba. Mai kyamis, akwai maganin da ka san ba na ciwon nan ba ne, amma ya daɗe a kanta. Tela, ka san yadin bai kai ba. Mai gyaran waya, ka san abin da ya lalace da wanda lafiyarsa lau. Kowannenmu yana da Sallau da yake zuwa yana washe baki, yana da Alhajin da yake zaune a bayansa da carbi. Mai saye ba ya ganin cikin inji. Allah yana gani. Gobe in ka buɗe rumfarka, kafin ka ce wa mutum wannan ne ya dace da kai, ka tsaya ka duba tukuna. Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka gani, ko da ruwa zai doke mu.