Tsohon da Ya Rage Ruwan Tafki

Akwai wani tsoho mai suna Habila, manomi ne tun tasowarsa, mutum mai tsoron Allah, mai kuma tsoron ruwa. Tsoron Allah a majami'a ya koye shi. Tsoron ruwa kuwa kogin garinsu ne ya koya masa, ranar da ya tafi da ƙaninsa suna yara, shi yana tsaye a bakin gaɓa ya kasa yin komai. Tun daga ranar, ruwan da ya wuce idon sawu bai ƙara taɓa jikinsa ba sai na bokiti.

Da ƙarfi ya fara ƙarewa, ɗansa Kefas ya ɗauko iyayensa biyu, Habila da matarsa Rifkatu, ya kawo su birni su zauna tare. A bayan gidan akwai tafkin ninkaya, irin wanda ake ginawa a shafe da tayil, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Habila ya dube shi daga nesa, ya ce, "Kefas, mutane suna gudun kogi, kai kuma ka sayo shi ka kawo gida?"

Kefas ya yi dariya ya nuna masa murfin tafkin. Tampol ne mai kauri, gefensa biyu suna bi ta cikin wasu ƙarafa masu kwari da aka kafa a bakin tafkin, hagu da dama. In aka murɗa makulli a jikin bango, sai inji ya ja igiya, murfin ya shimfiɗu a kan ruwan daga wannan baki zuwa wancan. Kefas ya sa shi ne saboda 'yarsa Asabe, yarinya 'yar shekara biyu wadda ƙafarta ba ta san zama ba. Sunan mahaifiyar Habila aka sa mata, don haka Uwata tsohon yake kiranta, kuma duk duniya ba abin da yake ƙauna kamarta.

Ana nan sai tafiya ta kama Kefas da matarsa, ta mako biyu, a tsakiyar damina. Suka bar Asabe a hannun kakanninta. Kafin ya tafi, Kefas ya ce, "Baba, abu biyu ne kawai. Murfin ya zauna a rufe. In kuma aka yi ruwan sama, ga wannan ɗan injin, a ɗora shi a kan murfin ya janye ruwan da ya taru." Bai ce kada a rage ruwan tafkin ba, gama bai taɓa zaton wani zai yi tunanin haka ba.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Habila ya zauna yana kallon murfin nan, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ce a ransa, "Tampol dai tampol ne. Na rufe buhunan masara da shi, na ga yadda yake yagewa. In ya yage da yarinyar nan a kai, me ke ƙasa? Ruwa. Ashe ruwan ne abokin gaba. In na rage shi, ko ta faɗa ba za ta nutse ba."

Ya riga ya ga inda mai wanke tafkin yake buɗe famfon zubar da ruwa. Kowace safiya sai ya lallaɓa ya buɗe shi, ruwa ya bi kwata ya fita, ya rufe ya dawo ya zauna kamar ba shi ba. Bai gaya wa Rifkatu ba, don ya san za ta ce a kira Kefas a tambaya, shi kuwa ba ya son ɗan da ya haifa ya koya masa hankali. Cikin kwana biyar ruwan ya koma rabi. Murfin ya fara lotsawa a tsakiya, amma tsohon bai damu ba. Daɗi ma ya ji, kamar wanda ya ɗaure mugun kare. Ƙofar baya wadda a da yake kullewa sau goma a yini, yanzu sai ya bar ta a buɗe iska ta shigo.

A rana ta shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari ma aka sake. Habila ya ɗora ɗan injin kamar yadda aka gaya masa, amma murfin ya riga ya zama kwano. Injin ya gangara tsakiya ya kife, wayarsa ta zare. Ruwan sama ya taru a kan murfin, kududdufi guda, da ganyaye a ciki.

Da hantsi, yana gyaran ƙotar fartanyarsa a baranda, sai ya ji gidan ya yi shiru. Duk wanda ya yi renon yaro ya san irin wannan shirun. Ya ɗaga kai ya hango Asabe ta taka murfin tana miƙa hannu wajen wani ganye da ke yawo a kan ruwa. Kafin ya buɗe baki santsi ya kwashe ta, ta gangara, ruwan ya rufe kanta.

Mutumin da ya yi shekara sittin yana kewaye ruwa bai san lokacin da ya faɗa ciki ba. Ya sulale har tsakiya, ruwa ya kai masa cinya, ya cafko yarinyar ya ɗaga ta sama tana tari tana kuka. Nauyinsa ya sa gefen murfin ya yage ya fita daga ƙarfensa, igiya ta tsinke. Ya yi ta ƙoƙarin hawowa, santsi yana mai da shi.

"Maman Kefas! Maman Kefas!"

Rifkatu ta fito a guje. Ta kwanta a bakin tafkin ta karɓi yarinyar, sa'an nan ta miƙa masa doguwar sandar da ake kwashe ganye da ita, ya kama ya fito da rarrafe. Asabe ta tsira da ɗan ruwan da ta sha. Habila kuwa ya zauna a ƙasa, baƙin ciki ya cika shi, domin ya san hannun wa ke cikin wannan abu.

Rifkatu ta goya yarinyar ta ɗaure zane tamau, ta nemo lambar mai gyara da Kefas ya bar musu. Sunansa Obadiya, ya zo a kan babur da akwatin kayan aikinsa. Ya gaishe su, ya zaga tafkin, ya duba injin da ke jan murfin, ya ja guntun igiyar, ya leƙa ta inda murfin ya yage. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, inji lafiyarsa ƙalau. Ruwa ne ya yi ƙasa. Tafkin nan yoyo yake yi, kuma ba ƙaramin yoyo ba. Sai mun fasa tayil mun nemo inda ya tsage, in ba haka ba ko na gyara murfin aikin banza ne." Ya buɗe akwati ya ɗauko guduma.

Habila ya dubi gudumar, ya dubi matarsa, ya dubi yarinyar da ke barci a bayanta. In ya yi shiru, mutuncinsa zai tsira, amma za a farfasa gidan ɗansa ana neman ciwon da ba ya nan, tafkin kuma ya yi makonni a buɗe, ga yarinya mai ƙafa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Ɗana, ajiye gudumar. Tafkin ba ya yoyo. Ni na riƙa buɗe famfo ina zubar da ruwan. Na ɗauka kare ta nake yi."

Rifkatu ta riƙe baki. "Baban Kefas! Da girmanka?"

Obadiya bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya mai da gudumar cikin akwati, ya tsuguna kusa da tsohon, ya ce, "Baba, ba kai ne farau ba. Amma bari in gaya maka yadda abin yake. Murfin nan ba shi da ƙarfin kansa. Igiya jansa kawai take yi, ƙarfe kuma gefensa kawai yake riƙewa. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne ruwan da ke ƙarƙashinsa. In tafkin a cike yake, murfin kwance yake a kan ruwa, ƙato ma ya taka ba zai nutse ba. In ka rage ruwan, ka bar shi yana lilo a kan rami."

Habila ya ce, "To, yanzu sai a jefar da shi?"

"A'a, Baba. Zai gyaru."

Kwana uku Obadiya ya yi yana aiki. Ya janye ruwan saman da ya taru. Ya sa aka cika tafkin har inda ya kamata, ya nuna wa tsohon layin tayil ɗin da ruwa ba zai sauka ƙasa da shi ba. Ya ɗinke gefen da ya yage, ya sa sabuwar igiya, ya daidaita ta da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen don kada murfin ya tafi a karkace. Ya wanke kwarin ƙarafan nan da tiyo, yashi da busassun ganye suka fito, ya ce a riƙa yin haka kowane mako. Habila yana biye da shi yana miƙa masa kaya. A rana ta biyu tsohon ya kira Kefas a waya da kansa ya faɗa masa duka, bai rage komai ba.

A rana ta uku Obadiya ya murɗa makulli, murfin ya tafi sumul ya rufe ruf. Ya cire takalmansa ya taka ya je tsakiya ya tsaya, ya miƙo hannu. "Baba, wannan ba wurin wasa ba ne, kada a bar yaro ya hau. Amma kai sau ɗaya ina so ka ji da ƙafarka."

Habila ya ce shi ya gani, ya isa. Rifkatu ta ce, "Shekaranjiya da ka faɗa ciki, wa ya roƙe ka?" Sai tsohon ya tattare wandonsa, ya sa ƙafa ɗaya. Murfin ya ɗan lotsa, sa'an nan ya ji wani abu daga ƙasa ya tokare tafin ƙafarsa. Ya sa ta biyu. Ya tafi a hankali har ya kama hannun Obadiya a daidai wurin da ya fi zurfi. Nan ya tsaya, ruwa ɗauke da shi, hawaye suna zuba yana dariya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: murfin nan shi ne ƙoƙarinmu da lurarmu a kan waɗanda muke ƙauna. Abu ne mai kyau, dole ne kuma a kula da shi. Ruwan da ke ƙarƙashi kuwa alherin Allah ne. Yana da zurfi, ya fi ƙarfinmu, ba ma iya juya shi yadda muke so, shi ya sa wani lokaci yake ba mu tsoro. Amma shi ne ke ɗauke da mu da 'ya'yanmu.

Ku lura, Habila ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta sa shi, tsoro kuma ya ɓatar da shi. Akwai irinsa a cikinmu yau, ni ma na taɓa zama shi. Wani ya yi addu'a a kan mara lafiya, aka yi rashi, tun daga nan yake rage Allah a rayuwarsa kaɗan-kaɗan, a ɓoye. Yana zuwa sujada, yana rera waƙa, daga sama murfi a rufe yake, amma ƙasa rabi ne. Wata kuma ta ce ba za ta ƙara danƙa ɗanta ga Ubangiji ba, ita za ta tsare shi da idonta da dabararta. Muddin rana tana fitowa ba wanda zai gane. Sai ranar da damuwa ta zubo kamar ruwan Agusta, ta taru a kanmu, mu ga ashe a kan rami muke lilo.

Ga abin da ya sa ban fid da zuciya ba. Gyara ya fara ne daga lokacin da tsohon ya ce, "Ni ne." Da ya yi shiru, da an yi ta fasa inda ba laifi, kamar yadda mukan fasa zuciyar mata da miji da 'ya'ya muna neman wanda za mu ɗora wa. Da ya faɗi gaskiya kuwa, mai gyara ya ajiye guduma ya tsuguna kusa da shi. Haka Yesu yake da mu. Ba ya jefar da abin da ya yage, ba ya kuma kunyata wanda ya zo da gaskiya. Yakan ɗinke, ya sake cikawa, sa'an nan ya tsaya a wurin da muka fi tsoro ya kira mu da suna.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka san akwai abin da ka daɗe kana zubarwa a ɓoye, kada ka jira ranar da za a ji ihu a bayan gida. Yau, kafin ka ci abincin rana, ka shiga ɗaki ka gaya wa Ubangiji da bakinka. Ba guduma zai ɗauko maka ba.