Sunan Wa Za a Raɗa wa Ɗan Mamuda?

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'a, ku ne alƙalai. Matar Mamuda ta haifi namiji, shi kuwa ya riga ya yi alkawari cewa sunan wanda ya ceci ransa zai sa wa yaron. Matsalar ita ce su uku ne.

Mamuda da abokansa, Ilyasu da Jafaru da Nafi'u, 'ya'yan masunta ne daga Yawuri. Aiki ya kai su wata ƙasa can arewacin Turai, inda ruwan teku ke da sanyin da in ka tsoma yatsa sai ka tuna zunubanka. Wasu in sun sami hutu barci suke yi. Su kuwa sai su sa rigar roba, su goya tukunyar iska, su nutsa ƙarƙashin teku kallon wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse tun zamanin kakanni. Na ce musu wannan hauka ne. Da na ga hotunan da suka ɗauko, kifaye suna shawagi a ɗakin matuƙi, ciyayi sun lulluɓe ƙarafuna, sai na janye maganata, don abin gwanin kyau ne.

Ran nan su uku suka nutsa, aka bar Nafi'u gadin kwale-kwale. Mamuda ya kutsa wani ɗaki a cikin jirgin, sai sanyi ya daskarar da bakin bututun da yake shaƙa, iskarsa ta shiga tsiyayewa. Ya firgita, ya yi ta harbin ƙafa, lakar da ta daɗe a kwance ta tashi ta rufe ɗakin. Ko tocila ba ta nuna masa tafin hannunsa, balle ƙofa.

Ilyasu yana waje, ya ga laka na fitowa kamar hayaƙi. Ya ɗaura igiya a bakin ƙofa ya shiga, ya san sarai shi ma yana iya ɓacewa. Da lalube ya yi ta nema, yatsunsa sun sandare, tsatsar ƙarfe ta yage masa riga, ruwan sanyi yana kwarara a jikinsa. Bai juya ba sai da ya cafko ƙafar Mamuda, ya biyo igiya ya fito da shi.

A bakin ƙofa iskar Mamuda ta ƙare. Jafaru ya cusa masa bututunsa na biyu a baki, suka koma shaƙar tukunya ɗaya. To, wanda ya yi nisa a ƙasan ruwa ba ya tasowa da gudu, don jininsa zai yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza, ya shanye ko ya mutu. Mamuda ya manta da wannan, sama kawai yake so. Jafaru ya rungume shi, ya sha gwiwar hannu a fuska, bai sake shi ba. Suna tasowa suna tsayawa, Jafaru yana kallon iskarsa na raguwa, har suka fito tukunyar ba komai.

Suka fito, amma babu kwale-kwale. Ruwa ya ja su nesa, hazo ya sauka, sanyi kuma ya fara kashe musu jiki. Tun da Nafi'u ya ga kumfa na tafasa a saman ruwa ya san akwai matsala. Duk ya fi su iya nutso, har ya goya tukunyarsa ya ɗora ƙafa a gefen kwale-kwale. Sai ya tuna in ya faɗa, ba mai tsamo kowa. Ya dawo ya zauna yana hawaye. Da lokacin fitowarsu ya wuce, ya yanke igiyar anga, ƙarfen da ke riƙe kwale-kwalen wuri ɗaya, ya bar injin a kashe, ya ƙyale ruwa ya ja shi inda ya ja su, yana kasa kunne. Can ya ji suna busa usur. Shi kaɗai ya jawo ƙarti uku ciki, ya lulluɓe su da barguna ya nufi gaɓa.

Da haihuwa ta zo, Mamuda ya tara su. Ilyasu ya ce, "Ni fito da kai kawai na yi, a sa wa Jafaru." Jafaru ya ce, "Haba! Da Nafi'u ya biyo mu, da yanzu kifaye ne maƙwabtanmu." Nafi'u ya ce, "Ku bar zancen nan, ni ko jiƙewa ban yi ba."

Mai jego Sa'adatu ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Maigida, an sayi rago, liman yana jira. Yaro ɗaya na haifa, ba uku ba."

Ni dai duk ukun sun burge ni, na kasa zaɓa. To ku, tsakanin wanda ya shiga duhu, da wanda ya raba numfashinsa, da wanda ya daure ya zauna, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?