Birkin Da Aka Auna Da Hannun Maƙeri

Akwai wani tsohon direba da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Tun daga ranar ya koma zaman tabarma a zaure, in mota ta wuce sai ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ɗansa mai walda ne, ana ce masa Ƙarfe saboda ƙarfin damtsensa. Ganin halin mahaifinsa ya hana shi sukuni. Ya samo injin babur da ƙarafan tsohon gado, ya shiga ƙera mota a bayan gida. Da yake babu ƙafar taka birki, sai ya yi wata sanda a gefen kujera, in an ja ta mota ta tsaya.

Kullum tsohon yana cewa, "Ƙarfe, ɗauke ni in je in taɓa sandar nan mana."

"Haba Baba, ana leƙa amarya kafin a gama mata kwalliya? Bari in gama."

Don tsoron kada birki ya saki, ya ɗaure shi tamau. Ya ja da hannunsa mai dukan ƙarfe tun safe, ya ji daidai.

Ranar gwaji maƙwabta suka cika layi. Inna, mahaifiyar Ƙarfe, ta goge wa mijinta tsohuwar hularsa ta aiki, tana tsokanarsa: "Direba, gaba zan zauna, kuma ba na biya."

Aka ɗora shi a kujera. Ya tayar da inji, ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Mota ta gangara a hankali. Da ya kusa kwana ya ja sandar, ko motsi ba ta yi ba. Ya saki sitiyari ya kama da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mota ta tafi ta daki katanga.

Ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙarfe ya ruga wurinsa.

"Baba, laifina ne, na ɗaure shi da yawa!"

"A'a, ɗana. Motarka lafiyarta ƙalau. Direban ne ya ƙare. Ku sauke ni."

Ƙarfe ya ƙara wa sandar tsawo, ya sassauta ta, har Inna na iya ja da yatsa biyu. Ya durƙusa ya roƙi mahaifinsa ya sake gwadawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Allah ya yi maka albarka," kawai yake cewa. Har ya rasu bai sake yarda an ɗora shi a kujerar ba.

Darasi: In za ka taimaki mutum, auna taimakon da hannunsa, ba da naka ba. Ka tambaye shi, ka bar shi ya taɓa tun aikin bai ƙare ba. Ƙarfe yana gyaruwa, amma zuciyar da ta karaya ba kullum take komawa ba. Ku tura wa duk wanda yake kula da iyayensa.