Ruwan da Bai Je Gabas Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku suna da dangi a can. Sunansa Tasi'u. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda ake miƙe musu in sun shigo taro. Gyaran waya da kwamfuta yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ku saurara da kyau. Kai ma mai latse-latse can baya, ajiye wayar nan, yau labarinta za a yi.

Garin na manoman rani ne. Akwai madatsar ruwa a bayan gari, ruwan kuma ba ya isa a sakar wa kowa rana ɗaya, sai dai bi da bi: kwana kaza lambunan gabas, kwana kaza na yamma. Mai riƙe da makullin ƙofar ruwan wani dattijo ne, Baba Ilu. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya karkatar da ko cikin buta ba. Sakataren ƙungiyar manoma, Malam Labaran, shi ke tsara wanda za a ba ruwa da ranar da za a ba shi. A da a takarda ake rubutawa. Yau ta jiƙe, gobe ta ɓata, jibi akuya ta cinye, a yi ta tashin hankali.

Tasi'u ne ya raba su da wannan wahala, kuma don Allah ya yi. Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da ko fuska ba ta da ita, ya gyara, ya ajiye ƙarƙashin tebur a ofishin ƙungiya, ya jona ta a wutar sola. Masu ilimin abin sabar suke kiranta, mutanen gari kuwa akwatin Tasi'u suke cewa. Aikin akwatin nan ɗaya ne, ɗan aike ne. Sakatare zai rubuta jerin ayyuka a kwamfutarsa, kwamfutar ta miƙa wa akwatin, akwatin ya miƙa wa wayar Baba Ilu. Baba ya buɗe ƙofa, ya danna alamar an yi, saƙo ya biyo hanyar da ya zo ya koma. Da aka tambaye shi me ya sa bai ɗora bayanan a kan na manyan kamfanonin waje ba, sai ya ce, "Sunayen mutanenmu da gonakinsu amana ce, gara su zauna a ɗakinmu." Shekara biyu ana haka lafiya lau.

To, ranar wata Alhamis za a tafi ɗaurin auren ƙaninsa a wani gari. Unguwarsu mako guda babu wuta, shaddarsa kuma duk ta yamutse. Sai ya tuna akwai sola a ofis. Ya ɗauki dutsen guga ya tafi. Soket ɗaya ne tak ke aiki a ɗakin, shi ne wanda akwatin ke jone. Ya ce a ransa, minti goma ne kawai. Ya cire akwatin, ya jona dutsen guga. Yana kan hannun riga na biyu direba ya fara danna hon a waje. Ya zare dutsen guga, ya suri riga, ya kulle ofis, ya faɗa mota. Akwati kuwa yana nan a kashe.

Bayan la'asar manoman gabas suka zo wurin Sakatare. Makon nan suka yi dashen tumatir, ga zafi ya sauko ba shiri, in aka jira Litinin dashen zai ƙone. Malam Labaran ya ga gaskiyarsu, ya zauna ya sauya jeri: Juma'a da safe, ruwa gabas. Ya gani da idonsa a kwamfutarsa, ya rufe, washegari da sassafe ya bi motar albasa zuwa birni. Bai san saƙon yana nan zaune ba, babu ɗan aiken da zai kai shi.

Baba Ilu yana da al'ada. In ya dawo daga sallar asuba sai ya duba wayar, ya mayar da ita ƙarƙashin matashi, don ya taɓa jefa wata a ruwa. Ya duba, ya ga Juma'a lambunan yamma, Asabar ma yamma, ya je ya buɗe wa yamma. Mutanen gabas suka same shi a bakin ƙofa suna kumfar baki. Ya ce, "'Ya'yana, ni abin da aka rubuta nake bi. In zan riƙa buɗe ƙofar nan da bakin mutane, da tuni an kashe juna a garin nan. Ku nemo Sakatare." Aka yi ta kiran Sakatare, yana tsakiyar kasuwa, bai ɗauka ba. Kwana biyu rana na dukan dashen nan, ya kwanta, ya ƙone ƙurmus.

Lahadi da safe Tasi'u ya dawo. Ya leƙa ofis, ya ga wayar wutar akwatin yashe a ƙasa. Ya yi maza ya jona, ya ce Allah ya sa ba abin da ya faru. Nan fa nake so ku buɗe kunnuwanku. Akwatin nan yana tashi, ya karɓi saƙon da ya kwana uku yana jira, ya kai shi wayar Baba Ilu, ya zaunar da shi daram a kan layin Juma'a, ɗauke da kwanan watan ranar da aka rubuta shi, Alhamis.

Da yamma aka kira taro. Baba Ilu ya miƙe ya ce, "Wallahi ban ga an sauya ba. Wallahi da na gani da na buɗe."

Aka ce a ɗauko wayar. Aka ɗauko, aka buɗe a gaban jama'a. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Juma'a, gabas, an rubuta Alhamis.

Innalillahi! Ku ga yadda mutane suke. Shekara ashirin da shida na amana, ba a kai minti biyar ba aka watsar da ita. Nan take wani ya tuno ai lambun surukin Baba a yamma yake. Wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Ƙarya yake yi, bai taɓa zargin komai ba, ya ga an taru ne ya kawo nasa dutsen! Wani wanda Baba ya halarci sunan ubansa ya nuna shi da yatsa ya ce, "Tsoho da kai kana rantsuwa a kan ƙarya?" Babu mutum ɗaya da ya ce a tsaya a bincika. Abin da gilashi ya nuna musu ya fi musu rantsuwar dattijo nauyi. Aka karɓe makulli daga hannun Baba.

Tasi'u yana wurin. Shi kaɗai ya gane abin da ya faru, tun daga farko har ƙarshe. Kuna jira in ce ya miƙe? Bai miƙe ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya sunkuyar da kai har aka watse. Mutum ne kamar ni da ku.

Litinin da safe ya sami Sakatare shi kaɗai, ya zayyana masa komai. Malam Labaran ya leƙa waje, ya turo ƙofa, ya rage murya.

"Malam Tasi'u, wa ka faɗa wa bayan ni?"

"Babu kowa."

"To ka bar ta a nan. Ka san mutanen nan, suna iya ƙona maka rumfa. Kuma in aka ji solar ƙungiya guga ake yi da ita, ni ma da na ba ka makullin ofis ina zan sa kaina? In zuciyarka ta dame ka, ka ce sabis ne ya ɗauke."

"Sakatare, kowa ya san akwai sabis, a kwanakin nan aka yi ta kiranka. Za a ce rufa wa Baba asiri nake yi. Ba za ta wanke shi ba."

"To shi kenan. Baba ai ya tsufa, dama lokacin hutunsa ya yi."

Kun ji? Kun ji maganar banza? Lokacin hutunsa ya yi! A liƙa wa mutum sunan makaryaci, a ce ya je ya huta da shi har kabari! Wallahi duk sanda na zo wannan wuri sai raina ya ɓaci, don na san irin Malam Labaran, suna nan a kowane ofis, a kowane kwamiti, wasu ma har a kwamitin masallaci. Ba su yi laifin ba, amma su ne masu kawo bargon da za a lulluɓe shi.

Tasi'u ya fita. Da azahar ya shiga masallaci. Baba Ilu, wanda tun Tasi'u yana ƙarami a sahun farko ya san shi, bayan liman, yau yana can sahun ƙarshe kusa da takalma. Ana sallamewa ya zari sandarsa zai sulale kafin a haɗa ido da shi. Abin nan ya soki Tasi'u a zuciya, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya miƙe.

"Jama'a, don Allah ku dakata. Baba, don Allah tsaya. Baba Ilu bai yi ƙarya ba. Ni na cire akwatin ranar Alhamis na jona dutsen guga na goge rigata, na manta ban mayar ba. Saƙon bai shiga wayarsa ba sai jiya da safe. Ni na ƙona muku tumatir."

Wani ya ce tausayin tsoho ne ya sa shi. Tasi'u ya ce su biyo shi ofis. Ya nuna musu inda akwatin ke rubuta lokacin mutuwarsa da na tashinsa: ya mutu Alhamis ƙarfe biyu, ya tashi Lahadi ƙarfe tara. Da hannunsa ya buɗe musu hujjar da za ta kama shi, alhali babu mai iya buɗe ta a garin sai shi.

Ya sha zagi. Wani ya ci kwalarsa har riga ta yage. Aka karɓe makullin ofis, aka ce daga yau kada ya taɓa akwatin sai da mutum tsaye a kansa. Aka sa masa suna Tasi'u mai guga, sunan ya bi shi. Ya rufe rumfarsa mako uku, yana bin lambunan gabas yana taya su sabon dashe, hannun da bai saba da fartanya ba duk ya yi kanta ya fashe.

Baba Ilu kuwa aika masa da makullinsa aka yi. Aikawa! Cikin duk masu kumfar bakin nan, babu ɗaya da ya taka ƙafa ya je ya ce a yafe masa. Tasi'u kaɗai ya je, ya durƙusa a zaure. Baba ya dube shi ya ce, "Ranar taro kana wurin. Me ya hana ka magana?"

"Tsoro, Baba."

"Ranar jikata ta tambaye ni wai da gaske na yi ƙarya. Na rasa abin da zan ce mata." Ya share ido da bakin rawani. "Tashi, ɗana. Na yafe maka. Allah ya yi maka albarka."

Wataƙila kuna jira in ce bayan haka ya yi arziki, ya sayi mota. Bai yi ba. Yana nan a rumfarsa yana gyaran waya. Abin da ya samu shi ne dattijo ya koma sahun farko da kansa a ɗage, kuma wannan ya ishe shi.

To ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kuskure kowa yana yi, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kuskurenka ya faɗa kan wani, kana gani, ka yi shiru don ya fi ka rauni. Wannan shirun zalunci ne, ko ba ka buɗe baki ka yi ƙarya ba. Kai da ka manta saƙo ka ce babu sabis, ke da kika fasa abu kika bari aka daki mai aiki, kai ma'aikaci da ka ɓatar da takarda aka kori masinja, da ku nake. Da ku kuma masu ganin abu a waya ku yanke wa mutumin kirki hukunci kafin ku tambaya. Kowa a nan ya san wanda ke ɗauke da laifinsa a yanzu haka, ya san sunansa, ya san gidansa. Kada ku jira Litinin. Ku tashi daga nan ku je ku sauke masa tun yana da rai, don ranar da za a buɗe abin da aka rubuta a kanmu, babu Sakataren da zai turo muku ƙofa.

Allah ya ba mu ƙarfin halin cewa "ni ne".